Daga Alif Zuwa Fitilar UV: Yadda Gyaran Ruwan Rijiya Ya Sauya a Hannunmu

Waɗanda suka koya mana wannan sana'a da ido da harshe suka yi aiki. In ruwa ya yi garau, ba wari ba gafi, an gama magana. In ya gurɓace, a jefa alif a randa laka ta kwanta. In kaza ta faɗa rijiya, a kwashe ruwan a yashe ta. Abin da suka fi mu kula da shi kuwa shi ne bakin rijiya: a ɗaga shi, a daɓe kewayensa, a yi masa murfi, kada guga ya kwana a ƙasa. Duba-gari ma a kan wannan yake kama mutane.

Tsakanin 1981 da 1990, shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ruwan sha da tsafta, burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II suka bazu a ƙauyuka. A ƙarshen wannan zangon aka ƙirga masu kurkunu a Najeriya, aka samu sama da 650,000. Da ƙyallen tacewa da burtsatse aka ci ƙarfinsa, har ya zama ba a sake ganinsa ba bayan 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da haka a 2013. Nasara ce babba, amma ta bar wa mutane wata fahimta da har yau muke fama da ita, wato duk ruwan da aka tace ko ya fito daga burtsatse ya zama lafiyayye. Ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu yana da girman da ƙyalle zai tare shi. Ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa ratsa ƙyallen suke yi su wuce.

Abin da ya buɗe mana ido shi ne akwatin gwaji irin na DelAgua, wanda Jami'ar Surrey ta Ingila ta ƙera tare da Oxfam. Za ka tace mililita 100 ta wata 'yar farar takarda, ka ɗora ta a faifai mai abincin ƙwayoyi, ka bar ta ta kwana a ɗumin digiri 44. Da safe ka buɗe, ka ga ɗige-ɗige ruwan ɗorawa. Kowane ɗigo shaida ne cewa najasa ta sami hanya zuwa ruwan. Ƙa'idar kuma ba ta da sassauci: ko ƙwayar E. coli ɗaya ba a yarda a samu a mililita 100 ba, haka ma ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya tanada. Na sha ganin maigida ya ɗaga kwalbar ruwansa sama, tas da ita, yana kallon faifan yana girgiza kai.

Na'urori kuwa masana'antun fiya-wata ne suka shigo da su tun shekarun 1990: tukunyar yashi, tukunyar gawayi, jerin filtoci, sai fitilar UV mai kashe ƙwayoyi da haske a ƙarshe. Daga can suka gangaro gidajen masu hali, mu kuma aikinmu ya koma neman inda suka gaza.

Gazawar kusan iri ɗaya ce kullum. Ƙwan UV aikinsa kamar awa 9,000 ne, wajen shekara guda, amma bayan ya gaji yakan ci gaba da shuɗin haske, mai gida yana ganin lafiya lau. Gilashin da ke lulluɓe da shi kuma tsatsa da farin ɓawon ruwa kan dusashe shi, hasken ya kasa isa. In ruwan da laka, ƙwayoyi su laɓe a inuwarta, shi ya sa filta mai maikiron 5 take gaba da fitila. Ga ɗauke wuta: ruwa na gangarowa daga tanki ko da NEPA ko babu, fitila kuwa a kashe. Gawayi shi ya fi ba ni tsoro. Yana tsotse kulorin, yana gyara ɗanɗano, sannan in ya daɗe ba a sauya shi ba ya zama sheƙar ƙwayoyi.

Saboda haka ba ma fara taɓa na'ura. Samfuri uku muke ɗiba, a bakin rijiya, a tanki, a famfon kicin, cikin kwalba dafaffiya, a sa a ƙanƙara a kai gwaji cikin awa 6. In tanki ne, sau da yawa murfi ne ya tafi, ƙadangare ya faɗa. In rijiya ce, a narka kulorin mai ƙarfi a zuba, a kauce wa tukunyar gawayi, a buɗe famfuna har warin ya fito, a rufe na awa 12 zuwa 24, a zubar, a sake gwaji bayan mako ɗaya ko biyu.

In ɗigon ya dawo, matsalar a ƙasa take. Ko dai ba a zuba siminti a kewayen bututun ba lokacin haƙa, ko daɓen ya tsage, ko masai na kusa. Ana so a bar tazarar mita 30, to amma a cikin birnin Kano ko Zariya wane fuloti ne zai ba ka wannan, alhali sokawen maƙwabci na jikin katangarka? Da damina ruwan ƙasa ya taso, komai ya haɗu. A 2021 mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa.

Irin wannan gidan nakan ce wa mai shi: Alhaji, kada ka ƙara sayen filta. A kira magini ya fasa daɓen a sake toshe bakin da siminti, in ta kama a tashi masai ɗin. Kafin nan, ruwan sha a tafasa shi, ko a ɗiga ruwan kulorin na WaterGuard a jira minti 30, a zuba a jarka mai murfi wadda moɗa ba ta shiga.