Kamfanin jita na Gibson: Bashi da batun inganci

An kafa kamfanin Gibson ne a 1902 a garin Kalamazoo na Amurka, ya kuma yi suna da jitar lantarki samfurin Les Paul da ya fitar a 1952.

A watan Mayun 2018 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, bayan ya ciwo kuɗi masu yawa don sayen kamfanonin kayan sauti, ciki har da wani sashe na Philips a 2014.

Makaɗa kuma sun koka cewa ingancin jitocinsa ya ragu alhali farashi na hawa, musamman a 2015 da aka saka wa galibinsu na'urar da ke saita tsirkiya da kanta.

Kamfanin zuba jari na KKR ya karɓi ragamarsa a ƙarshen 2018, aka koma ƙera jita irin ta da, domin makomar Gibson ta dogara ne ga dawo da amincewar masu saye.