Tarihin Ba Yara Labari Don Renon Bangaskiya a Gidajen Kiristoci Masu Jin Hausa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wata al'ada wadda manazarta adabin baka ba su cika waiwayarta ba, wato yadda iyaye Kiristoci ke amfani da labari wajen dasa wa 'ya'yansu bangaskiya a cikin gida. Za a fara duba tushen al'adar a cikin addinin kansa, sa'annan a dubi yadda ta haɗu da tatsuniya a ƙasar Hausa. Daga ƙarshe za a nuna cewa makomar wannan al'ada tana ɗaure da makomar harshen da ake magana da yara a gida.

2.0 Tushen Al'adar

Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa iyaye nauyin koyarwa. Babi na 6 na Maimaitawar Shari'a ya umarci iyaye su riƙa zanta umarnan Allah da 'ya'yansu a zaune da a tafe, da lokacin kwanciya da na tashi. A babi na 12 na Fitowa kuwa, an tsara Idin Ƙetarewa ta yadda yaro zai yi tambaya, uba kuma ya amsa masa da labarin fita daga Masar. Haka nan a Sabon Alkawari, Yesu Almasihu ya yawaita koyarwa da misalai, kuma Manzo Bulus ya danganta bangaskiyar Timoti ga kakarsa da mahaifiyarsa.

A ƙarshen ƙarni na 4, Yohanna Kirisostom na Antakiya ya rubuta wata ƙasida kan tarbiyyar yara wadda ta fayyace dabarar dalla-dalla. Ya shawarci uba ya ba ɗansa labarin Kayinu da Habila da daɗin baki, uwa tana kusa tana taimakawa, a maimaita shi a wasu ranaku, daga baya a ce wa yaron shi ma ya bayar. Ya ce idan yaron ya ji ana karanta labarin a majami'a zai yi murna domin ya riga ya san shi. Bayan ƙarnuka masu yawa, Martin Luther ya fito da ƙaramin littafinsa na tambaya da amsa a 1529 domin maigida ya koyar da iyalinsa. A 1714 Johann Hübner ya wallafa labarai 104 daga Littafi Mai Tsarki domin yara, kuma irin waɗannan littattafai ne 'yan mishan suka zo da su Afirka a ƙarni na 19.

3.0 Haɗuwa da Tatsuniya

'Yan mishan sun tarar da Bahaushe da tasa makarantar dare. Tsofaffi mata ne galibi ke yi wa yara tatsuniya bayan cin tuwon dare, da mabuɗi sananne da marufi sananne, da taurari irin su Gizo da Ƙoƙi da Botorami. Abin lura a nan shi ne, aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aikin tattara adabin baka hannu ɗaya ne ya soma su. J. F. Schön, wanda ya fassara sassan Linjila zuwa Hausa tun a shekarun 1850, shi ne kuma ya wallafa Magana Hausa a 1885, inda aka sami tatsuniyoyi da tarihin rayuwar Dorugu, saurayin nan da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Ke nan tun farko Hausar fassara ta sha daga bakin mai ba da labari.

Sai dai akwai wata matsala ta ma'ana. Tatsuniya takan rufe da shelar cewa abin da aka faɗa ƙirƙira ne, har mai bayarwa ya jingina ƙaryar ga Gizo. Uwar da ke son ɗanta ya gaskata labarin Yusufu ko na Daniyel ba za ta yarda ya sa shi a kwando ɗaya da wayon Gizo ba. Hausa ta riga ta tanadi mafita, domin ta bambanta tatsuniya da almara a gefe guda, da labari da tarihi da ƙissa a ɗaya gefen. Hausar majami'a ta zaɓi kalmar labari ga abin da ake ɗauka ya auku, ta kuma keɓe kalmar misali ga irin zancen da Yesu ya tsara don koyarwa, kamar na ɓatacciyar tunkiya da na mai shuka. Saboda haka abin da aka ara daga tatsuniya shi ne lokaci da salo: zaman dare, sauya murya, maimaici, saka waƙa a tsakiya, da tambayar yara abin da suka koya. Mabuɗi da marufi kuwa aka bar wa Gizo abinsa.

4.0 Daga Gimi Zuwa Wusasa

Babu inda tasirin labarin baka ya fi fitowa fili kamar a tarihin Isawa. Waɗannan su ne mabiyan Malam Ibrahim, wani malami na Kano a ƙarni na 19 wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a koyarwarsa, aka kuma kashe shi a kan haka. Mabiyansa suka watsu zuwa wajajen Ningi da ƙasar Zazzau, suka riƙe koyarwar ta hanyar abin da iyaye ke gaya wa 'ya'ya. A 1913 wasu daga cikinsu suka zo wurin Dokta Walter Miller na ƙungiyar C.M.S., wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka tashi daga wurin. A ƙarshen shekarun 1920 mishan ɗin ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Saint Bartholomew a 1929.

Daga zuriyar Isawa ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, ko da yake iyayensa Angasawa ne daga Filato. Wannan misali na biyu yana nuna yadda Hausa ta zama harshen ibada da na gida ga mutanen da ba Hausawa ba.

5.0 Littafi a Hannun Iyaye

Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Miller ya yi tare da abokan aiki daga wasu mishan da kuma Hausawa masu taimaka masa, ta sauya al'amarin. Ƙungiyar S.I.M., wadda ta soma a 1893, da S.U.M., wadda ta sauka a Wase a 1904, sun ɗauki Hausa a matsayin harshen wa'azi a yankuna masu harsuna barkatai. Azuzuwan koyon karatu suka ba maza da mata damar karantawa da kansu, ƙungiyoyin Zumuntar Mata kuma suka zama wurin da iyaye mata ke koyon labarai da waƙoƙi su kai gida.

A nan aka sami wani tsari mai ban sha'awa ga masanin harshe. A gidan Birom ko Bura ko Bajju, akan karanta nassi da Hausa, sa'annan a warware wa yara shi da harshen uwa. Labarin ya zama gada tsakanin harsuna biyu. Sunayen da ke cikinsa, irin su Ibrahim da Musa da Dauda da Maryamu, su ne kuma yaran maƙwabta Musulmi ke ji a ƙissoshin annabawa, ko da yake fahimtar ɓangarorin biyu ta sha bamban a wurare masu muhimmanci.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ba yara labari a gida tsohon umarni ne a Kiristanci, wanda ya zo ƙasar Hausa ya tarar da hirar dare ta riga ta share masa fage. Barazanar da ke fuskantar al'adar a yau ita ce wadda ke fuskantar tatsuniya: talabijin da wayar hannu sun cinye lokacin hira, iyaye da yawa a birane kuma sun koma yi wa 'ya'yansu Turanci. Kakar da ba ta jin Turanci ba ta da hanyar isar da labarinta ga jikan da ba ya jin harshenta, don haka hasarar ta shafi addini da harshe gaba ɗaya. Ya kamata manazarta su ɗauki muryoyin tsofaffin Wusasa da Garkida da Gindiri suna ba da waɗannan labarai, a nazarci kalmominsu da salonsu tun suna raye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da harshen gida ake tanƙwara yaro.