Maki Ma Mudu Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Na tashi a ƙasar Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya mai da mu manoman rani. A kasuwar shinkafarmu na fara gane cewa mai awo na gari ba ya fushi in an gwada mudunsa da na wani. Wannan darasi ne ya dawo mini da na bibiyi tarihin tantance makin ɗalibai a jami'o'inmu.

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, digirin Jami'ar Landan ɗalibanta ke samu. Malaman Ibadan ne ke koyarwa, amma tambayoyi da maki sai sun bi ta hannun masu jarrabawa na Landan kafin su tabbata. A 1962 Ibadan ta tsaya da ƙafarta. A shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama ɓangarenta, kafin ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Landan ta janye hannu, amma al'adar ta zauna: ana gayyato malami daga wata jami'a ya duba tambayoyin ajin ƙarshe da takardun amsa, sannan sashe da tsangaya da majalisar jami'a su amince da sakamako.

Kada mu ɗauka wannan baƙon abu ne a wurinmu. Malamin zaure in ya ba da ijaza, sunansa da na malamansa yake jinginawa a kan ɗalibin. Malaman hadisi kuwa, in aka soki mai ruwayar da wasu suka amince da shi, sukan nemi mai sukar ya bayyana dalilinsa. Hukuncin mutum ɗaya bai isa ba.

Maki shaida ce. Wanda aka tauye wa an zalunce shi, kuma gargaɗin Suratul Muɗaffifina ya isa. Wanda aka ƙara wa kuwa, gobe shi ne malamin gona da zai ba manomin Bunkure shawarar taki ba da sani ba; manomin ne zai yi asara.

Don haka, ɗalibi, kada ka roƙi alfarmar maki. Malam, kada ka ƙi a duba mudunka.

Allah Ya sa mu cika awo. Wallahu a'alamu.