2.3 Turunku: Matsayin Duwatsu da Hanyoyin Tafiya a Tarihin Ƙasar Igabi

A wannan sashe za a dubi yadda yanayin ƙasa da hanyoyin tafiya suka ɗaukaka wani gari, suka kuma mayar da shi baya. Garin Turunku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi wadda Rigasa ke ƙarƙashinta, yana kudu da birnin Zariya, a gindin manyan duwatsu.

Mutanen dā sun zaɓi irin wannan wuri ne saboda dalilai biyu. Na farko shi ne tsaro, domin wanda ke kan dutse yakan hangi ƙurar mahara tun daga nesa. Na biyu kuwa, kwarin da ke tsakanin duwatsu yana riƙe danshi, don haka noma yakan yi albarka. Wannan ne ya sa tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa da dama suka kafu a jikin duwatsu, kamar Dala a Kano da Kufena a Zazzau da Kwatarkwashi a Zamfara.

Jerin sarakunan Zazzau ya nuna cewa Bakwa Turunku ya hau mulki a wajejen 1536, kuma a nan ake danganta tashin 'yarsa Amina. Sai dai akwai saɓani, domin littafin tarihin Kano ya sanya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda (1421–1438). Bisa ga tarihin baka, ƙarancin ruwan sha ne ya sa aka mayar da fadar mulki zuwa Zariya. Ke nan dutsen da ya ba da tsaro ya kāsa shayar da jama'ar da ta taru dominsa.

Zuwan Turawa ya sake sauya al'amura. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta Rigacikun ya bi, bai ratsa Turunku ba. Bayan Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, sai baƙi da 'yan kasuwa suka karkata can. Rigasa ta bunƙasa a gefenta, musamman bayan buɗe tashar jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa a dā dutse ne ke tara jama'a, yanzu kuwa hanya ce. Saboda haka ya kamata hukumomi su kiyaye kufan Turunku da ragowar ganuwarta, su kuma naɗi tarihin baka daga dattawan garin tun suna raye.