Saɓanin manhaja a na'urar ɗumama mota: Yadda ake gano matsalar

Da yawa daga cikin tireloli da ƙananan motocin da ke jigilar hatsi da fasinja a kasuwar Dawanau, da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a jihar Kano, 'yan gwanjo ne da aka ƙera domin ƙasashen Turai masu tsananin sanyi.

Saboda haka wasunsu, musamman masu amfani da man dizal, kan zo da wata ƙarin na'urar ɗumama ɗaki, wadda mai motar kan yi shekaru bai san da ita ba, sai ranar da ta kawo matsala.

Mece ce wannan na'ura?

Injin dizal ba ya saurin yin zafi, don haka ake haɗa masa wata na'urar da za ta taimaka wajen ɗumama ruwan inji da kuma ɗakin direba.

Iri biyu ce: akwai mai ƙona man motar, akwai kuma mai aiki da lantarki. Kamfanonin Webasto da Eberspächer na ƙasar Jamus na cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera ta.

Na'urar tana da tata ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke musayar bayanai da ƙwaƙwalwar inji da ta na'urar sanyaya ɗaki, ta wasu wayoyi guda biyu da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya gabatar a shekarar 1986.

Daga ina saɓanin ke tasowa?

Kowace ƙwaƙwalwa tana ɗauke da manhajar da aka tsara domin wani samfurin mota. Idan manhajar ɗaya ba ta dace da ta sauran ba, sai su kasa fahimtar juna, ko da kuwa babu abin da ya ƙone.

Hakan ya fi faruwa ne idan aka ciro ƙwaƙwalwa daga wata motar aka sanya wa wata, abin da ba baƙo ba ne ga masu sayen kayan gyara na hannu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa.

Yana kuma faruwa idan aka sabunta manhajar inji aka bar ta na'urar ɗumamar, ko kuma batir ya yi sanyi ana tsakiyar ɗora manhaja.

Yadda ake bincike

Tun daga shekarar 1996 a Amurka, da kuma 2001 a Tarayyar Turai ga ƙananan motoci masu fetur, da 2004 ga masu dizal, doka ta tilasta a sanya wa motoci wata mahaɗa mai ƙofofi 16, inda ake jona kwamfutar bincike.

Lambobin da suka fara da harafin U sun shafi sadarwa ne tsakanin ƙwaƙwalen mota. Lamba U0325 na nufin saɓanin manhaja da na'urar ɗumamar, U0166 kuma na nufin sadarwa da ita ta yanke baki ɗaya.

Bambancin yana da muhimmanci, domin ta biyun ta fi nuni ga fiyus ko waya, ta farkon kuwa tana nuna cewa na'urar na amsawa, amma da manhajar da ba a yi tsammani ba.

Matakin farko shi ne a rubuta dukkan lambobin kafin a goge su. Daga nan sai a auna batir, wanda ya kamata ya nuna kimanin volt 12.6 idan inji na kashe.

Bayan haka sai a duba fiyus da wayar ƙasa da kuma bakin soket, inda ƙurar hunturu da danshin damina kan haddasa tsatsa.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a karanta lambar ƙwaƙwalwar da ta manhajarta, a gwada su da abin da kamfanin ya tanada wa lambar shasin motar mai haruffa da alƙaluma 17.

Mafita

Idan ƙwaƙwalwar ta dace da motar, ɗora mata manhajar da ta dace ya wadatar, amma dole a jona batir da abin da zai riƙe ƙarfin wutarsa har a kammala, domin yankewar wuta na iya kashe ƙwaƙwalwar.

Idan kuwa ta wani samfurin ce daban, sai an nemo mai lamba daidai.

Wasu masu motocin kan zaɓi a cire na'urar, tun da yanayin Kano bai cika buƙatarta ba. A nan ma yanke waya kawai ba ya isa: sai an toshe layin mai, an haɗe bututun ruwa da kyau, an kuma sanar da kwamfutar motar cewa na'urar ba ta nan.

Goge lamba ba gyara ba ne, domin za ta dawo muddin saɓanin na nan. Ga direban da ke jiran lodi a Dawanau, tambayar bakanike lambar da kwamfuta ta nuna, kafin a sayi komai, na iya raba shi da asarar kuɗi da ta kwanakin aiki.