Wa Ke Yanke Shawara, Mai Bayarwa Ko Mai Karɓa?

A 1987 Jami'ar Indiana da ke Amurka ta buɗe cibiyar nazarin kyauta da ayyukan jinƙai, wadda ta zama makaranta sukutum a 2012. Ɗaliban wannan fanni na koyon neman tallafi, da tsara kasafi, da dokokin ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Amma darasin da ya fi ɗaure kai na tarihi ne, kuma tushensa shekarar 1889.

A shekarar nan Andrew Carnegie, attajirin masana'antar ƙarfe, ya wallafa maƙala kan dukiya. A ganinsa mai kuɗi ɗan riƙon amana ne: ya rabar da abin da ya tara tun yana raye, domin mutuwa a kan tulin dukiya abin kunya ne. Sai dai ya ƙyamaci sadakar da ake miƙa wa mabaraci, ya zaɓi gina abin da mai himma zai ɗaga kansa da shi. Ya kuwa cika alkawari: ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500.

A wannan shekarar dai, Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe gidan Hull House a wata unguwar baƙin haure a Chicago. Maimakon su aika da taimako daga nesa, sai suka tare a cikin talakawan, suna jin bukatunsu daga bakinsu. Daga nan aka samu wurin renon yara, da azuzuwan dare, da fafutikar hana sa ƙananan yara aiki a masana'antu.

Shekara uku bayan maƙalar Carnegie, a 1892, kamfaninsa ya nemi rage albashi a masana'antar Homestead. Ma'aikata suka ƙi, aka kawo masu gadi ɗauke da bindigogi, aka rasa rayuka. Nan ɗalibi ke cin karo da tambaya: ɗakin karatu zai wanke albashin da aka tauye? Kuma wa ya tambayi leburan ko littafi suke so ko ƙarin kuɗin cefane?

Abin da tarihin ke koyarwa shi ne kyauta iko ce. Wanda zai riƙe kuɗin wasu don amfanin wasu, dole ya san ta inda kuɗin suka fito, ya kuma san ko an ji ta bakin waɗanda ake cewa don su ake yi.