Gashin jimina: daga Damargu zuwa hulunan matan Turai

Mai karatu, ko ka taɓa ganin jimina da idonka? Da yawa daga cikinmu sai dai labari. Wataƙila ka ga gashinta a jikin figini ranar hawan salla, ko ƙwanta bisa tulluwar wani tsohon ɗaki. To, ka sani a zamanin kakanninmu gashin wannan tsuntsuwa dukiya ne babba.

A wancan lokaci jimina tana yawo a dajin Damargu da Abzin. Maharba su kashe ta, su kawo fata da gashinta kasuwa. Wasu kuma suna kiwon ta a gida suna fige ta. Gashin namiji aka fi nema, baƙin jiki da farin fiffike. Na mace toka-toka ne, kuɗinsa kaɗan. Fatake Larabawa na Gadamus da na Tarabulus suna saye a Kano da Damagaram, su ɗaure, su ɗora wa raƙuma tare da hauren giwa da jar fata. Ayari ya bi ta Abzin, ya ratsa Gat, ya yi watanni kafin ya ga teku. Daga Tarabulus jirgin ruwa ya kai kayan Faransa da Ingila.

Me suke yi da shi can? Ado. Daga wajen 1880 zuwa 1914, matar Bature mai hali ba ta cika fita unguwa ba sai da faffaɗar hula an soka mata gashin jimina.

Amma gashin da ya sha ƙurar hamada ba ya hawa hula haka nan. Ga yadda ake yi. Da farko a wanke shi da ruwa da sabulu. A sa magani ya yi fari, ko a rina shi. A shanya, a kaɗe da garin sitaci don ya buɗe. Sannan a zo kan karan tsakiya, wanda yake da tauri. Ana kankare bayansa da wuƙa ko da fasasshen gilashi har ya yi siriri. In aka zarce, ya karye, an yi hasara. In aka rage, ya ƙi lanƙwasuwa. Sau da yawa akan haɗa gashi 2 ko 3 a ɗinke su, su zama ɗaya mai kauri. Daga nan a kara shi a bakin buta mai tururi. Zafi da laima su sa karan ya yi laushi, kamar yadda mai saƙar tabarma yake jiƙa kaba. A tanƙwara shi da hannu, a riƙe har ya huce, sai ya tsaya a haka. Aiki na ƙarshe shi ne naɗi: a kama silin gashin kaɗan-kaɗan tsakanin babban yatsa da wata ƙaramar wuƙa marar kaifi, a ja a hankali, su nannaɗe.

Masu wannan aiki a Pari da Landan yawancinsu mata ne da ƴan mata, ɗiyan talakawa. Ladan kaɗan ne, ɗakin cike da ƙura, tari ya kama da yawa cikinsu. Hular da suke gyarawa kuwa ta fi ƙarfin aljihunsu.

Cinikin bai dawwama a hannun ayari ba. Turawan Afirka ta Kudu sun shiga kiwon jimina a gonaki tun wajen 1865, suka cika kasuwa. Duk da haka sun san gashin jiminarmu ya fi nasu cika da sheƙi. A 1911 gwamnatinsu ta aiko mutane har Kano, suna neman jiminar da ake kawowa daga wajen Damagaram. Faransawa sun hana fitar da ita da rai, amma a 1912 baƙin suka koma gida da fiye da 100. A 1911 ɗin nan Italiya ta kama Tarabulus, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano, ayarin hamada ya yi rauni.

A 1914 kasuwar ta faɗi gaba ɗaya. Yaƙin duniya ya tashi, ado ya sake. Ga kuma mota marar rufi: iska ba ta barin babbar hula a kai.

Jimina kuwa farauta da fari suka ci gaba da cin ta, har ta ɓace daga dajin Nijar. Ƴan kaɗan da suka rage ana kiwon su cikin shinge, a Kelle ta ƙasar Gure da Iferuwan, don a samu irin da za a mayar daji.